Babi na Tara: Harshe a Gaban Shari'a, Nazarin Shari'ar Nuremberg da Kisan Ƙare Dangi ga Yahudawa

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an duba yadda Bahaushe kan sakaya zance saboda kunya ko ladabi, kamar inda yakan ce wane "ya riga mu gidan gaskiya" maimakon ya ce ya mutu, ko ya ce zai "kewaya" maimakon ya ambaci abin da zai je yi. Wannan sakaya ce mai kyau, domin mai magana da mai sauraro duk sun san abin da ake nufi, kuma ba a cuci kowa ba. A wannan babi kuwa za a duba wata irin sakaya daban, wadda hukuma ta yi amfani da ita domin lulluɓe kisan miliyoyin mutane, da kuma yadda kotu ta yaye wannan lulluɓi. An ɗauko misalin ne daga ƙasar Jamus, wato shari'ar da aka yi wa shugabannin gwamnatin Nazi a birnin Nuremberg bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Mai yiwuwa ɗalibi ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da wannan al'amari? Abin da ya haɗa su shi ne, a wannan shari'a harshe kansa ya zama abin bincike. An yi jayayya a kan fassara, an yi jayayya a kan ma'anar kalmomi, an shigo da sabuwar kalma domin laifin da ba shi da suna, sannan daga cikin waɗanda aka rataye akwai wani tsohon malamin makarantar firamare wanda aka kama shi da laifi saboda abin da ya rubuta.

9.1 Taƙaitaccen Tarihi

Hitila ya karɓi mulkin Jamus a shekarar 1933. A 1935, a wannan birni na Nuremberg, aka shelanta dokokin da suka raba Yahudawan Jamus da cikakken 'yancin ɗan ƙasa, suka kuma haramta auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa. A watan Nuwamba na 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu a duk faɗin ƙasar. Da Jamus ta mamaye Poland a 1939 sai aka tattara Yahudawan can a wasu unguwanni da aka killace, inda yunwa da cuta suka yi musu illa. Kisan gadan-gadan ya soma ne a 1941, lokacin da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet. Wasu rundunoni na musamman suka riƙa bin bayan sojoji suna harbe Yahudawa gari-gari. A kwarin Babi Yar kaɗai, kusa da birnin Kiev, rahoton Jamusawan da kansu ya nuna an harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu, ranakun 29 da 30 ga Satumba, 1941. Daga baya aka gina sansanonin kisa da iskar gas mai guba a ƙasar Poland da ke ƙarƙashin mamaya, irin su Treblinka da Sobibor da Belzec da Auschwitz. Kafin a ƙare yaƙi an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, wato kusan biyu cikin uku na Yahudawan Turai. Ban da su an kashe 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu, da fursunonin yaƙi na Sobiyet sama da miliyan 3.

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu na 1945. Hitila da Goebbels da Himmler duk sun kashe kansu. Ranar 8 ga Agusta, 1945, Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kafa kotun soja ta ƙasa da ƙasa. An tsara tuhuma huɗu: haɗa baki domin aikata laifi, da ƙaddamar da yaƙin zalunci, da laifukan yaƙi, da laifukan cin zarafin bil'adama. Yarjejeniyar ta kuma tanadi cewa faɗin "umarni aka ba ni" ba zai wanke kowa ba.

An buɗe zama ranar 20 ga Nuwamba, 1945, a ƙarƙashin alƙali Geoffrey Lawrence na Birtaniya, aka yanke hukunci ranar 1 ga Oktoba, 1946. Cikin mutum 22 da aka yi wa shari'a, 12 an yanke musu hukuncin kisa, uku ɗaurin rai da rai, huɗu ɗaurin shekara 10 zuwa 20, uku kuma aka sallame su. Hermann Göring, wanda shi ne mafi girman muƙami a cikinsu, ya sha guba a daren da za a rataye shi.

9.2 Kotu Mai Harsuna Huɗu

Tafintan da muka sani a kotunan Arewa tun zamanin Turawa yakan jira mai magana ya dasa aya, sa'an nan ya juya abin da aka faɗa. A Nuremberg kuwa harsuna huɗu ne: Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Jamusanci. Da an bi waccan hanya, kowace jimla sai an maimaita ta sau uku, shari'ar wata goma ta zama ta shekaru. Saboda haka aka yi amfani da fassarar nan-take, wato tafinta yana sauraro yana juyawa a lokaci guda. Kamfanin IBM ya ba da na'urorin, wani hafsan sojan Amurka haifaffen Faransa, Léon Dostert, ya tsara aikin. Kowa a zauren yana da abin sauraro a kunne da maɓallin zaɓen harshe. Tafintoci goma sha biyu ke zama a lokaci ɗaya, uku ga kowane harshe, kuma rukuni uku ne ke karɓa-karɓa. Idan mai magana ya cika sauri sai a kunna masa fitila rawaya, idan aiki ya cakuɗe sai a kunna ja, kotu ta dakata. Wannan ne karo na farko da aka gwada hanyar a babban zama mai tsawo irin wannan, kuma daga nan ta bazu zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Matsala ta farko da tafintocin suka ci karo da ita ta ginin jimla ce. Hausa, kamar Ingilishi, takan kawo aikau, sai aikatau, sai karɓau. Jamusanci kuwa a wasu nau'o'in jimla yakan tura aikatau can ƙarshe. A ƙaddara shaida ya ce, "Na san cewa kwamandan, fursunonin nan, ranar Talata, a bakin daji..." To tafinta ba shi da ta cewa sai ya ji ƙarshen zancen, domin bai sani ba ko "ya ajiye" za a ce ko "ya harbe". In ya jira ya makara, in ya yi hasashe yana iya ɗora wa mutum laifin da bai faɗa ba. Domin rage wannan haɗari aka riƙa ɗaukar muryar kowane mai magana a harshensa na asali, ana kwatanta ta da fassarar kafin a tabbatar da rubutaccen bayanin zaman.

Göring yana jin Ingilishi, kuma ya yi amfani da wannan dama. A watan Maris na 1946, lokacin da babban mai gabatar da ƙara na Amurka, Robert Jackson, ke yi masa tambayoyi, Jackson ya karanto wata takarda da aka fassara da cewa tana maganar shirin 'yantar da yankin Rhine, yana son ya nuna an daɗe ana shirin yaƙi a ɓoye. Göring ya ce kalmar Freimachung a wurin tana nufin kawar da jiragen kaya daga kan kogin Rhine ne kawai, kuma a wannan gaɓa shi ke da gaskiya. Kuskuren mai fassara ɗaya ya sa babban lauya ya ji kunya a gaban duniya.

9.3 Sakaya a Matsayin Makami

Masu gabatar da ƙara sun fi dogara da takardun gwamnatin Nazi fiye da shaidun baka, bisa hujjar cewa ba wanda zai ce an yi wa mutum ƙage da takardar da ya sa wa hannu. To sai dai takardun ba kasafai suke cewa "a kashe" ba. Suna da nasu ƙamus. Kwashe mutane zuwa wurin kisa sunansa Evakuierung, wato kwashewa domin tsira, ko Umsiedlung, wato sake matsuguni. Harbe jama'ar gari sunansa Aktion, wato aiki. Kisan kansa sunansa Sonderbehandlung, wato kulawa ta musamman. Shirin gaba ɗaya kuwa shi ne Endlösung, wato warware matsala ta ƙarshe. Ɗalibi ya lura, babu kalma ɗaya a nan da aka ƙirƙiro. Kalmomi ne na ofis da asibiti da tashar jirgin ƙasa aka ɗauko aka canza musu ma'ana.

Wannan sakaya ta yi aiki ta fuska uku, ko da yake ba nauyinsu ɗaya ba. Ta yaudari waɗanda za a kashe, har suka shiga jirgi da akwatunansu da kayan sana'arsu, wasu ma aka ce musu wanka za su yi. Ta ɓoye al'amarin ga duniya. Amma a ganina aikinta mafi muni shi ne sauƙin da ta kawo wa ma'aikata. Akawun da ke tsara jadawalin jiragen ƙasa, da mai buga takardu, da mai ƙidaya, kowannensu yana iya tashi daga aiki ya koma cikin iyalinsa ba tare da bakinsa ko alƙalaminsa ya taɓa kalmar kisa ba. Hausa ma tana da irin wannan mafaka a cikin nahawunta. Idan aka ce "an kwashe su", wa ya kwashe? Wannan "an" ɗin takan haɗiye mai aikatawa, ta bar aiki tsaye shi kaɗai kamar ruwan sama ne ya sauka.

Akwai wani misali da ya kamata mai nazarin ma'ana ya riƙe. A farkon 1943 Himmler ya sa wani masanin ƙididdiga, Richard Korherr, ya haɗa masa rahoto a kan yawan Yahudawan da aka gama da su. Korherr ya yi amfani da kalmar "kulawa ta musamman". A watan Afrilu na shekarar ofishin Himmler ya umarce shi ya cire ta, ya rubuta cewa an bi da mutanen ta cikin sansanoni. Dalili kuwa, kalmar ta riga ta tsufa, kowa ya gane abin da take nufi. Ke nan sakaya tana da iyakacin rayuwa. Yawan amfani kan sa ta ɗauki warin abin da take rufewa, har ita ma a nema mata murfi.

A gaban kotu waɗanda ake tuhuma sun nemi su fake da ma'anar kalmomin ta zahiri. Ernst Kaltenbrunner, shugaban babban ofishin tsaro, ya yi da'awar cewa a wasu lokuta "kulawa ta musamman" na nufin ajiye manyan fursunoni a otal mai kyau. Göring kuwa, da aka nuna masa wasiƙar da ya sa wa hannu ranar 31 ga Yuli, 1941, wadda ta ɗora wa Reinhard Heydrich alhakin shirya warware "matsalar Yahudawa", sai ya ce an yi kuskuren fassara: Gesamtlösung ya rubuta, wato warwarewa ta gaba ɗaya, ba ta ƙarshe ba, kuma hijira yake nufi. Alhali duk kalmomin biyu suna cikin wasiƙar.

Ta yaya aka warware? An bi ƙa'idar da muke koyarwa a darasin ma'ana, cewa kalma ba ta da ma'ana sai a muhallinta. An jera takardu an ga inda "kulawa ta musamman" ta zo tare da adadin mutane da kuma lissafin tufafin da suka bari. An kuma tambayi masu amfani da kalmomin. Ranar 3 ga Janairu, 1946, Otto Ohlendorf, kwamandan ɗaya daga cikin rundunonin harbi, ya shaida cewa rundunarsa ta "kawar da" mutum kimanin 90,000 cikin shekara guda, maza da mata da yara. Lauya ya tambaye shi ko kisa yake nufi, ya ce kisa yake nufi. Haka kuma Rudolf Höss, kwamandan Auschwitz, ya bayyana yadda sansanin ke aiki a watan Afrilu na 1946. Adadin da ya bayar ya zarce wanda masana tarihi suka tabbatar daga baya, wato kimanin mutum miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa. Takardar taron Wannsee na 20 ga Janairu, 1942, inda manyan jami'ai 15 suka tsara yadda za a yi da Yahudawa miliyan 11, ba a gano ta ba sai 1947, bayan an gama wannan shari'a. Ita ma "kwashewa zuwa gabas" take cewa. Sai a 1961, a kotun birnin Ƙudus, Adolf Eichmann wanda ya rubuta ta ya amsa cewa a wurin taron an yi maganar kisa ƙarara, daga baya ne aka mayar da ita harshen ofis.

9.4 Malamin da Aka Rataye

Julius Streicher malamin firamare ne kafin ya shiga siyasa. A 1923 ya kafa jaridar Der Stürmer, wadda ba ta da wani aiki sai ɓatanci ga Yahudawa. Ana liƙa ta a allunan gefen titi domin wanda bai saya ba ma ya karanta. Salonta shi ne kamance da siffantawa: Bayahude ƙwayar cuta ne, ƙwaro ne, annoba ce. Abin lura a nan shi ne, wanda ya yarda cewa maƙwabcinsa cuta ne ya riga ya yarda cewa kawar da shi magani ne, ko da ba a faɗa masa haka ba. Maɗaba'arsa ta kuma buga littattafan yara, ciki har da Der Giftpilz na 1938, wanda ya kamanta Bayahude da tsiro mai guba da ke kama da wanda ake ci, aka kuma yi amfani da irinsu a makarantu.

Streicher bai jagoranci sansani ba, bai kuma riƙe runduna ba. Tun 1940 ma an tuɓe shi daga muƙaminsa na jam'iyya. Duk da haka kotu ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama, saboda ya ci gaba da kiran a hallaka Yahudawa a lokacin da ya san ana hallaka su a gabas. An rataye shi ranar 16 ga Oktoba, 1946. Shi kuwa Hans Fritzsche, babban jami'in rediyo a ma'aikatar farfaganda, sallamarsa aka yi, domin kotu ta ga kalamansa na ƙiyayya ne amma ba su kai kiran kisa ba. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu akwai iyaka mai wuyar shatawa, kuma har yau masana shari'a suna jayayya a kanta. An sake komawa ga shari'ar Streicher a 2003, lokacin da kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta hukunta masu gidan rediyon RTLM da jaridar Kangura, waɗanda suka riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai kafin kisan Ruwanda na 1994 da kuma lokacinsa.

9.5 Kisan Kiyashi da Kisan Ƙare Dangi

Raphael Lemkin Bayahude ne ɗan Poland, ya fara karatun kimiyyar harshe kafin ya koma fannin shari'a. Ya tsere zuwa Amurka, amma danginsa 49 sun hallaka. A cikin wani littafi da ya wallafa a 1944 ya ƙirƙiri kalmar genocide, ta hanyar harɗa genos na Girkanci, wato ƙabila ko zuriya, da cide mai asali daga Latin, wato kisa. Hujjarsa ita ce, doka ta san kisan mutum ɗaya, ta san kisan mutane da yawa, amma ba ta da sunan yunƙurin shafe al'umma a matsayinta na al'umma. Kalmar ta fito a takardar tuhumar Nuremberg, amma ba ta fito a cikin hukunci ba. Sai ranar 9 ga Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta mayar da ita laifi mai zaman kansa. Ginshiƙin ma'anarta shi ne niyya, wato nufin hallaka wata al'umma ta ƙasa ko ƙabila ko launin fata ko addini, dukkanta ko wani sashe nata. Tunzura jama'a kai tsaye a bainar jama'a shi ma laifi ne a ƙarƙashinta.

Hausa ba ta ari wannan kalma ba, nata ta gina. Sai dai ana yawan cakuɗa "kisan kiyashi" da "kisan ƙare dangi", har a gidajen rediyo. Kiyashi ƙananan ƙwari ne masu yawa, saboda haka kisan kiyashi yana nuni ga yawan waɗanda aka kashe da rashin ɗaukar ransu a bakin komai. "Ƙare dangi" kuwa yana nuni ga manufa, wato kada a bar iri. Wannan ta biyun ita ce ta dace da abin da Lemkin ke nufi, har ma ana iya cewa ta fi tasa fitowa fili, domin Bahaushen da bai taɓa shiga aji ba zai gane ta, alhali Baturen da bai san Girkanci ba sai an yi masa bayani. Mai fassara ya kiyaye: ba kowane kisan kiyashi ne kisan ƙare dangi ba.

9.6 Raunin Shari'ar

Bai kamata a koyar da wannan shari'a kamar ba ta da aibi ba. Waɗanda suka ci yaƙi su ne alƙalai, kuma ba a tuhumi kowa daga ɓangarensu ba. Sobiyet ta ɗora wa Jamusawa kisan dubban hafsoshin Poland a dajin Katyn, kotu ta yi shiru a kansa a hukuncinta, sai a 1990 Mosko ta amsa cewa ita ta aikata. Bugu da ƙari, hankalin kotun ya fi karkata ga yaƙin zalunci, kisan Yahudawa ya zo ne a matsayin sashe. Yahudawan da suka ba da shaida 'yan kaɗan ne. Ɗaya daga cikinsu, marubucin waƙoƙi Abraham Sutzkever na birnin Vilna, ya so ya yi magana da Yiddish, harshen mafi yawan waɗanda aka kashe, amma ba ya cikin harsuna huɗun kotu, dole ya yi da Rashanci. Sai a shari'ar Eichmann ta 1961, inda shaidu sama da 100 suka bayyana, aka saurari waɗanda suka tsira daki-daki, kowa da harshen da ya iya.

9.7 Aikin Aji

1. Kawo misalai biyar na sakaya a Hausa, ka nuna wadda ake yi domin ladabi da wadda ake iya yi domin ɓoye laifi.
2. Ɗauko labarin wani rikici daga jaridar Hausa, ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta fara da "an". A cikin nawa ne marubucin ya san mai aikatawa amma ya ƙi faɗa?
3. Kana tafinta a kotu, shaida ya ce "an ba su kulawa ta musamman", kai kuma ka san abin da yake nufi. Za ka juya kalmomin yadda suke, ko za ka faɗi ma'anarsu? Kare matsayinka a shafi ɗaya.